Rigar da Ke Kai Ƙarar Zuciyata Wurin Ɗana

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili.

Don Allah 'yar'uwa ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da kin ga ina kewaye-kewaye, domin na rasa wanda zan faɗa wa. Mutanen da na saba kai wa kukana su ne tsundum a cikin maganar. Ki sakaya sunana, don na gaji da ganin kaina a wayoyin mutane.

Na haura sittin. A gidan waya na yi aiki har na yi ritaya, a ɗakin baya inda ake rarraba wasiƙu, ɗaki mai taga ɗaya can sama da warin buhu da na gam. Ambulan iri-iri sun ratsa hannuna, wasu da ƙanshin turare, wasu da tabon shayi, wasu siraran da kina taɓawa kin san ba labari mai daɗi ne a ciki ba. Ban taɓa ɗaga ko ɗaya a hasken tagar nan don in leƙa ba. Ba yabon kai nake ba, haka aka koya mana, kuma haka na ɗauka duniya take: abin da aka liƙe, mai shi kaɗai ke buɗewa. Na faɗa miki wannan ne don ki gane dalilin da ya sa abin da zan ba ki labari ya tsaya mini a wuya.

Mijina ya rasu shekarun baya. Da rana tsaka ya yanke jiki ya faɗi a ɗaki, ina wurin aiki, babban ɗanmu ne ya dawo ya same shi. Zuciya ce. Wannan ɗan namu, wanda muke kira Injiniya tun yana ƙarami saboda babu rediyon da ya shigo gidanmu ya fita da rai, yanzu magidanci ne, yana aiki a wani gari mai nisa. Amma ni na san har gobe akwai wani ɓangare nasa da ke tsaye a bakin ƙofar ɗakin nan.

Bara ya zo mini da tsaraba. Wata 'yar singileti ce mai laushi, launin toka, ba za ki bambanta ta da ta kasuwa ba sai kin shafa ta ciki kin ji wasu zaruruwa masu sanyi, kamar an saƙa ta da siririyar waya. A ƙarƙashin ƙirji akwai wani ɗan abu kamar murfin kwalba, shi ake ɓallewa a yi masa caji ko in za a wanke rigar. Ya ce tana jin bugun zuciyata da numfashina, ta san ko ina kwance ko ina tafiya, ta san inda nake, kuma duk tana aika masa a waya. Gaskiya da farko daɗi na ji. Na ji kamar an goya ni. In na yi saurin hawa bene sai ga saƙo, wai Mama a yi a hankali. Ina dariya, ina nuna wa maƙwabta, ina cewa ku ga ɗan albarka.

To, ga inda labarin ya karkata.

Akwai wani titi a bayan unguwarmu da ke gangarawa ta gefen babban tankin ruwa. A nan, tsakanin shagon mai walda da katangar wata makaranta, akwai ɗan fili inda wani dattijo ke sayar da dashen itatuwa da furanni. Direban bas ne a da, ya ajiye tuƙi da idonsa ya fara gajiya, matarsa kuma ta riga mu gidan gaskiya. Dashen lemun tsami na je nema, wallahi shi kaɗai. Na tarar yana ba shukokin ruwa bayan la'asar. Rana ta karkata tana ratsa ruwan da ke fita daga tiyo, ganyaye suna ɗiga, ƙasa ta jiƙe ta saki wannan ƙanshin da ke sa mutum ya yi kewar abin da bai ma taɓa faruwa ba. Yana yi yana magana da shukokin kamar fasinjoji, wai su matsa su ba juna wuri, akwai sauran kujera a baya. Na tsaya da jakata a hannu na manta abin da ya kawo ni.

Ya kifa mini bokiti na zauna. Na koma bayan kwana biyu wai lemuna ya yi yaushi, alhali lafiyarsa ƙalau. Na sake komawa neman taki. Na sake komawa ban ma tanadi ƙaryar da zan yi ba. Wata rana na tarar ya haɗa wani ɗan benci da katakon akwatuna, har da majingina, ya ce na masu sayayya ne. Ban taɓa ganin mai sayayya a kansa ba. In ba na nan butar ban-ruwa yake ɗorawa a kai, na sha hango shi daga nesa yana ɗauke ta yana goge wurin da hannun rigarsa.

Kada ki zaci wani abu. Ba mu taɓa faɗa wa juna komai ba. Hirarmu ba ta wuce ta ƙwarin da ke cin ganye, da hanyoyin da ya bi a zamanin tuƙinsa, garuruwan da yakan iso da sassafe hazo bai tashi ba, da wata gada da ya ce in kana kanta sai ka ga kamar motar a sama take tafiya. Nakan lumshe ido in ji ni a kujerar gaba, taga a buɗe, iska tana wasa da mayafina, ba mai jirana a ko'ina. In na buɗe ido sai in ga yana kallon wani ganye kamar bai taɓa ganin ganye ba. Daga nan in sayi tukunya ɗaya in koma gida. Barandata ta cika har yayata ta ce saura kaɗan birai su tare mana.

Yayar tawa tare muke zaune tun da nata mijin ya rasu. Ita ta fara gane ni, don ba a ɓoye mata komai. Mutuminki take ce wa dattijon, in na yi fushi ta ce ai ba ta kama suna ba.

Wata safiya Injiniya ya kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya tambaye ni wai me ke kan titin tankin ruwa. Ya ce ya lura duk yammacin da na je wurin, zuciyata takan hau sama alhali rigar ta nuna a zaune nake, kuma manhajar rigar da ke wayarsa tana zana wurin da ja a taswira. Ya ce ko hayaƙin walda ne. Na ce wataƙila. Kafin azahar ya ɗauki hoton taswirar ya sa a guruf ɗin iyali, wanda ke da 'ya'yana da matansu da mazajensu da ƙannen ubansu, har da wasu da ni ban san wa ya sa su ba. Nan take kowa ya zama likita. Wannan ya ce hawan tudu ne, wancan ya ce ƙarar injin ne, surukata ta ce ita dama ba ta yarda da gindin tanki da yamma ba. Aka yanke hukunci Mama ta daina bin wannan titin.

Na zauna a bakin gado ina kallon wannan jan ɗigo. Abin da ban faɗa wa matashin kaina ba, abin da ni kaina ban yarda na kira shi da suna ba, ga shi a wayar ƙanin mijina yana sa masa alamar mamaki. Ba su gane ba, na sani. Amma na ji kamar an yaye mini zane a tsakiyar kasuwa, mutane kuma suna ta muhawara a kan ingancin yadin. Na yi kuka ranar, kukan haushi, ba na baƙin ciki ba.

Yaya ce ta kawo dabara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, don haka ba zan ɗora mata ita kaɗai ba. Mu tun muna yara kayanmu ɗaya ne. Jikinmu ɗaya, tsawonmu ɗaya, mahaifiyarmu takan ɗinka riga ɗaya mai kyau mu riƙa karɓa-karɓa, har muka tsufa ba mu san wane ɗankwali ne na wa ba. Ta ce mene ne a ciki, riga ce fa, in ba ta ita ta sa. Ita dama bayan la'asar kishingiɗa take yi a doguwar kujera tana sauraron rediyo har barci ya ɗan sace ta. Sai ya zama in zan fita in tuɓe rigar in miƙa mata da ɗuminta, in bar mata wayata a gefe, in na dawo ta tuɓe ta ba ni.

'Yar'uwa, ban taɓa jin daɗin tafiya irin na waɗannan makonni ba. Ina taka ƙasa ina jin ba wanda ke ƙirga mini numfashi. Zuciyata ta yi duk tsallen da take so a kan bencin nan, ba ta da mai rahoto. Injiniya kuwa har yabo na sha, wai Mama ta fara jin magana, kullum yamma tana hutawa. Ni da Yaya muka yi dariya har da riƙe ciki.

Dariyar ba ta daɗe ba. Manhajar ta aika masa gargaɗi cewa a wasu yammaci, ina kwance, bugun zuciyata yana rikicewa, ya yi sauri ya tsallake ya dawo. Bai ma kira ba, sai ganinsa na yi a ƙofa da jakarsa. Ya kai ni wurin likita. Likita ya auna ni ya ce yanzu dai bai ji komai ba, amma irin wannan ciwon yana zuwa ne yana tafiya, kuma abin da rigar ta kama ba abin wasa ba ne. Ya sa bayanan a fayil ɗina, ya rubuta mini wani magani da ya ce yana tsinka jini, ya ba mu ranar da za mu dawo a yi gwaji mai zurfi. Na buɗe baki zan yi magana sai na dubi fuskar ɗana. Fuskar ranar da ya sami ubansa ce. Na karɓi maganin muka dawo gida.

Kin gane ai. Waɗannan yammacin duk ina kan benci ina shaƙar ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Zuciyar da ke tsallake bugu ta Yaya ce.

Tun daga ranar na fara ganin abin da na daɗe ina kallo ban gani ba. Takan zauna a tsakiyar bene wai tana kallon tsuntsaye. Takan dafa bango in ta tashi. In ta yi shara kaɗan sai ta yi ta haki, ta ce tsufa ne. Na ce mu je asibiti, ta ce ko da igiya ba za a ja ta ba, don nata mijin da ƙafarsa ya shiga, a kwance aka fito da shi. Na ce to zan faɗa wa Injiniya gaskiya. Ta ce in na faɗa, tambayar farko da zai yi ita ce ina kike lokacin, daga nan kuma sai guruf, sai dariyar surukai, sai yara su ga kamar na ci amanar ubansu, a rufe mini titin tankin har abada. Ta ce ita ta ga yadda fuskata ta dawo da haske, ba za ta zama sanadin kashe shi ba. Sannan ta kawo wata sabuwar dabarar, wai tunda ciwon nata ne maganin kuma yana hannuna, in ba ta ta riƙa sha, kowa ya huta. Ban ba ta ba. Na ɓoye shi a gwangwanin allura da zare. Ɗana kuma kullum sai ya tambaya ko na sha, in ce na sha.

Ga wani abin kuma da ke ba ni tsoro. Tun da aka yi wannan, wayata ta cika da tallan maganin zuciya, ni da ban taɓa neman irinsa ba. Rannan wani mai murya mai daɗi ya kira ni, ya ambaci cikakken sunana, ya ce daga kamfanin rigar yake, ya yi mini sannu da jiki, har ya faɗi irin ciwon. Ya ce za a turo mini wata lamba in karanta masa don a gyara mini asusu. Jikina bai ba ni ba, na kashe. Amma ta ina ya sani? Ciwon da ba ma nawa ba ne ya riga ni zaga gari da sunana.

Na daina zuwa lambun. Rigar tana jikina dare da rana, kamar mai gadi. Shekaranjiya na wuce ta titin a cikin tasi, na sunkuyar da kai, amma na hango bencin da butar ban-ruwa a kansa. Lemun tsamin da na fara saya ya yi fure a baranda, ƙanshinsa yana shigowa har ɗaki, ina jin sa ina jin hakin Yaya daga falo.

Ki faɗa mini, me zan yi? In na yi magana na rasa ɗan abin da na samu bayan shekaru na zaman shiru. In na yi shiru ina tsoron wata rana in dawo in sami yayata yadda ɗana ya sami ubansa. Shin laifi ne mace mai shekaruna ta ji abin da nake ji? Uwa ba ta da ikon ta sami wani lungu da ɗanta ba ya gani? Kuma abin da rigar nan ta rubuta a kaina, akwai yadda za a goge shi?

Taki cikin damuwa,
Mai Tukwane a Baranda

Amsa

Wa alaikumus salam, Mama Mai Tukwane.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karo na farko na yi murmushi a wurin bencin, a karo na biyu na tsaya a tsakiyar bene tare da Yaya, kuma daga nan zan fara, domin ita ce maganar da ba ta jira.

Ki kai Yaya wurin likita, yau in zai yiwu, gobe in ya gagara. Kada ki jira ranar da aka ba ku. Ki tafi da bayanan da rigar ta tara, ki gaya wa likitan a fili cewa a waɗannan yammacin ba ke ce sanye da ita ba. Likitoci sun ji abin da ya fi wannan, ba zai tambaye ki ina kika je ba, kuma ba huruminsa ba ne. Ki roƙe shi ya gyara fayil ɗinki, ya buɗe wa Yaya nata, ya auna ta da kayan aikinsa, don riga tana iya nuna alama amma ba ita ke yanke hukunci ba. Maganin nan kuwa, kin yi daidai da kika hana. Maganin da ke tsinka jini ba ɗankwali ba ne da za a yi karɓa-karɓa. Ana ba da shi ne bayan an duba jikin mutum da sauran magungunan da yake sha, kuma yana iya yin mummunar illa ga wanda ba a rubuta wa ba. Kada ta sha, ke ma kada ki sha, ku mayar wa likitan. In kafin nan ta ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagare ta, ko bakinta ya karkace, ko wani sashe na jikinta ya saki, babu sauran shawara, sai asibiti nan take. In ta ce ba za a ja ta ba ko da igiya, ki ce mata ke ta rufa wa asiri da jikinta, yanzu lokacinki ne, kuma ba za ki iya zama a wancan benci da daɗi ba kina tunanin abin da za ki tarar a gida.

Na lura ke da Yaya kun ƙulla abu biyu wuri ɗaya, kuna ganin in an kwance ɗaya dole ɗayan ya biyo. Ba haka ba ne. Gaskiyar da ɗanki yake da haƙƙin ji ita ce kin riƙa tuɓe rigar kina ba yayarki, ciwon nata ne, kuma ba ki sha maganin ba. In ya tambayi dalili, ki ce masa kina son ki yi yawonki ba tare da ana ƙirga miki numfashi ana kai wa guruf ba. Wannan gaskiya ce cikakkiya, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ya wuce nan naki ne, ki faɗa ranar da kika ga dama.

Amma ki yi masa adalci. Yaron nan ba leƙen asiri ya sa a gaba ba, tsoro ne ke tuƙa shi, kuma ke kika fi kowa sanin inda ya samo shi. Makonni ke nan yana kwana da tunanin zai rasa uwa kamar yadda ya rasa uba, a kan ciwon da ba ki da shi. Zai ji zafi in ya sani, ki bar shi ya ji, ki ba shi haƙuri ba tare da kare kai ba. Kuma mu faɗi gaskiya, rigar da kike jin haushinta ita ce ta ji abin da ku biyu kuka yi ta kira tsufa. Bayan ya huce sai ki gaya masa nasa. Sa taswirar yawon mahaifiyarsa a gaban taron dangi kuskure ne babba, ko da da kyakkyawar niyya. Ban da kunyar da ya jawo miki, ya nuna wa duk mai riƙe da wannan hoton lokacin da kike fita da lokacin da tsohuwa ɗaya ke gida ita kaɗai, hoto kuma in ya fita daga waya ba a san inda zai tsaya ba. Ya goge shi, ya roƙi sauran su goge.

Sannan ku zauna ku biyu da wayar a gabanku. Jikin naki ne, don haka asusun ya koma hannunki, da sabuwar kalmar sirri wadda ba ranar haihuwarki ba ce, ke kuma ki riƙe ta. Ku duba su wa da wa aka ba damar gani, a cire kowa sai wanda kika zaɓa da bakinki. Yawancin irin waɗannan manhajoji suna bari a raba abin da ake turawa, ku duba ko taku za ta yarda a kashe nuna wuri da rahoton kullum, a bar gargaɗin gaggawa kaɗai. In ba ta yarda ba, ki sani ba dole ba ne ki sa ta, ballantana yanzu da ba a ma tabbatar kina da wani ciwo ba. Ku duba kuma ko an ba da izinin raba bayananki da masu talla, a janye shi. Injiniya ya rubuta wa kamfanin ta adireshinsu na ainihi ya nemi a goge bayanan waɗannan makonni, tunda ba naki ba ne, kuma in ya tura su wani wuri, kamar wurin inshora, a bi a gyara. Ba zan yi miki alkawarin komai zai gogu ba. Abin da ya riga ya fita sai dai a rage ɓarnarsa, shi ya sa ake tsare ƙofa tun farko. In likita ya ga Yaya na buƙatar irin wannan riga, a buɗe mata nata asusun da sunanta, da yardarta, ita ma ta zaɓi mai gani.

Mai murya mai daɗin nan kuwa, hannunki na gidan waya ne ya cece ki. Ban san ta ina ya samu labarinki ba, ko ta manhajar, ko ta hoton da ya yi yawo, ko ta wata kafa daban. Abin da na sani shi ne duk wanda ya kira ya ce ki karanta masa lambar da aka turo miki, asusunki yake son shiga. Ko ya san sunan kakarki, ki kashe. Ki gaya wa Yaya ma, don ita za su nema nan gaba.

Saura tambayarki ta tsakiya, wadda kika ɓoye tsakanin sauran. A'a Mama, ba laifi ba ne. Kin yi wa mijinki zaman amana har ƙarshe, kin raini 'ya'yanki, zuciyarki kuma ba ta yi ritaya tare da ke ba. Uwa tana da ikon ta sami lungunta. Sai dai lungun da ake tsarewa da ƙarya yakan ci wanda ba ruwansa, kin kuwa gani da idonki. In abin ya girma ya zama magana, ki kira ɗanki ki gaya masa da bakinki, a zaune, kamar manya. Ina kyautata zaton yaron da ya bar aikinsa ya taho saboda bugun zuciyarki zai iya jure jin cewa tana bugawa ne don farin ciki.

In Yaya ta ga likita, an gyara fayil, kun yi maganarku da Injiniya, ki zaɓi wani yammaci ki wanke rigar ki shanya ta a igiya. Ki tsinki furen lemun tsamin nan ki gangara titin tankin, ki ɗauke butar ban-ruwan da hannunki ki zauna. Dangi kaf sun ga wannan jan ɗigo sun yi ta hasashe a kansa. Mutum ɗaya ne ya kamata ya san da shi, kuma shi kaɗai ne har yau ba wanda ya gaya wa.

Allah ya ba Yaya lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar ɗanki, ke kuma ya bar miki taki ta yi tsallenta cikin aminci. Ki gaishe mini da tukwanen baranda.